Kumandan Kwaɗo da Shayin Iyatu

Duk wanda ya zauna Tamanrasset bai ji sunan Alhaji Sharifu Mai Kwaɗo ba, to ya je a duba masa kunne, don laifin ba na Alhaji ba ne. Shi kam ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Daga bakin kasuwa har tashar da manyan motocin kudu ke sauke kaya, babu wanda bai tare ya gaya wa ko shi wane ne ba. Bawan Allah ne da aka hore wa murya, aka hore masa tumbi, aka kuma yaye masa cutar nan da ke hana ƙananan mutane ci gaba, wato kunya. Ya baro Damagaram da ƙullin kayan koli a ka, yau ga shi da shago a bakin Lungun Damagarawa, yana sayar da kwaɗo da sarƙa da sakata. In ka kira shi ɗan kasuwa sai ya ɓata rai. Shi, in ji shi, kwanciyar hankali yake sayarwa.

Sarautunsa suna da yawa, kuma duk shi ya naɗa kansa, ya zagayo ya yi wa kansa mubaya'a. Shi ne Dodon Ɓarayi. Shi ne Katangar Ahaggar. Shi ne Kumandan Tsaron Unguwa Baki Ɗaya. Mutanen lungu, da yake ba su da dogon numfashi irin nasa, suka taƙaita masa abin zuwa Kumandan Kwaɗo. Da ya ji, sai ya ɗauki rabin farko ya yi ado da shi, rabi na biyu kuwa ya bar musu kayansu.

To, don a san girman aikin da wannan gwarzo ya yi, sai mu ɗan koma baya.

Akwai lokacin da sata ta addabi lungun. Ɓarayin Tam, wato Tamanrasset, ba su da wautar hana kansu barci. Da rana tsaka suke aiki, sa'ad da zafi ya rufe gari, aka ja ƙofofin shaguna bayan azahar, kowa ya nemi inuwa ya miƙe. Kafin la'asar sai ka ji salati: tukunyar gas ta yi ƙafa, wayar da aka bari a caji ta bi ta, akuyar da aka sauko da ita daga Tazrouk don Layya ta tafi ba sallama. Asarar kaya ma da sauƙi. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, duk satar da aka kai ƙara sai hukuma ta shigo bincike, lungun kuwa cike yake da magina da masu aikin ƙarfi 'yan Nijar waɗanda takardunsu ba su gama nuna ba. Mutum ɗaya ya yi ɓarna, jama'a da yawa su rasa aikin yini suna laɓe-laɓe.

Wata Juma'a Malam Mika'ilu, limamin ƙaramin masallacin lungun, ya tara mutane: Hausawa, Abzinawan da ke maƙwabtaka da su, da Larabawa masu kantuna. Aka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a kan dabarar da ba ta buƙatar sanda ko gora. A bakin lungu za a shimfiɗa tabarma, a ajiye murhun gawayi da butar shayi. Butar za ta riƙa zagaya gidaje. Ƙofar da aka wayi gari aka gan ta, mutanen gidan ke da zaman ranar. Duk baƙon da ya doso, ba duka ba zagi. A yi masa sallama, a zaunar da shi, a ɗora shayi. Shayin ƙasar nan kuwa kowa ya san zubi uku ne, kuma ɗan halak ba ya tashi kafin na uku. Tsakanin zubin fari da na ƙarshe a tambaye shi daga ina, wurin wa, ɗan wane gida. In wani ɗan lungu ya zo ya ce ya san shi, ya ƙarasa shayinsa ya shiga. In babu, ya koma inda ya fito, an dai riga an ƙare wa fuskarsa kallo.

Abu kamar wasa, sai ga shi ya ci. Ashe ɓarawo yana iya jure duka, amma ba ya iya jure a zauna ana kallon ƙwayar idonsa ana tambayarsa lafiyar iyali. Sata ta ɗauke ɗif. Wasu unguwanni suka gani suka kwaikwaya, kowa da irin tasa: wasu da shayi, wasu da kiran juna a waya, wasu kuwa matan unguwa ne ke leƙe ta saman ɗaki. Mutane suka koma yin shanya a waje suna barcinsu na rana.

Ranar da aka yi wancan taro, Alhaji Sharifu yana Outoul, cikin lambun wani abokin cinikinsa, yana fama da haƙarƙarin rago. Da ya dawo ya tarar abin ya kankama, sai ya tuna ai shi ya kawo shawarar. Wannan ma wata baiwa ce da Allah ya keɓe shi da ita: yana tuna abin da bai faru ba dalla-dalla, har da wanda ke zaune a damansa. Nan da nan ya sayo usur ya rataya a wuya, ya samo riga mai walƙiya irin ta masu gyaran hanya, ya shiga aikin duba dakaru. Yadda yake dubawar kuwa, sai ya tsayar da mota a bakin lungu, ya ɗan sauke gilashi kaɗan kada sanyin ciki ya tsere, ya ce, "Sekirite lafiya?" wato tsaro yake tambaya. A ce masa lafiya lau, Kumandan. Ya ce, "Bon. A ci gaba." Ya busa usur, ya ɗage gilashi. Da yamma ya zauna ƙofar shago yana matsa ƙafa, yana cewa aikin jama'a zai kashe shi.

Ita kuwa butar shayi, da yake ba ta san manya ba, takan iso ƙofarsa in layinsa ya zo. Nan ne za ka sha ilimi.

"Jama'a, ku fahimci tsarin soja," in ji shi, yana nuna butar da tsinin takalmi. "Kun taɓa ganin janar tsaye bakin ƙofar bariki? Kai ke tunani, ƙafa ke tafiya. In na zauna kan tabarma ina fifita gawayi, wa zai yi muku istirateji? Kwanciyata a ɗaki, ido rufe, ta fi tsayuwar mutum goma a rana. A lokacin nake tsara komai."

Sai a ɗauki buta a miƙa ƙofa ta gaba. Ƙofa ta gaba ta Iyatu ce, wata dattijuwa mutuniyar Maraɗi da ke sayar wa magina tuwo da ƙosai. Ta zauna nata, ta zauna nasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba ta taɓa cewa komai ba sai "Allah shi ƙara girma, Alhaji," shi kuma ya amsa da amin mai ƙarfi.

Ana nan sai ga labari daga baladiyya, wato ma'aikatar magajin gari: za a karrama unguwannin da suka haɗa kai suka rage ɓarna a gari. Ranar Alhamis da hantsi, a babban zauren taro, gaban manyan gari da masu kaki da masu ɗaukar hoto, za a kira kowace unguwa a ba ta takardar yabo cikin gilashi. Malam Mika'ilu ya sanar bayan sallar magariba, ya ce duk dattijon da ya samu hali ya karɓar wa jama'a. Bai rufe baki ba Alhaji ya yi gyaran murya.

"Allah ya sani, ni ba na neman girma. Girma ke bina, ina gudu yana bina. Amma tunda kun matsa, na karɓa."

Babu wanda ya matsa. Babu kuma wanda ya yi musu, don kowa na son ya je ya ci tuwonsa da zafi.

Daga ranar Alhaji bai ƙara samun sukuni ba. A duniya babu abin da yake so kamar wannan lokaci guda: a kira suna, ya hau dandamali, babban mutum ya miƙa masa gilashi, a ɗauki hoto, hoton ya bi waya har Damagaram, inda har yau akwai tsofaffin da ke kiransa Sharifu ɗan koli. Wannan suna yana ci masa rai, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya tsara jawabi, ya riƙa gwada shi a kan matarsa Jannatu safe da yamma, har baiwar Allah ta haddace, tana tankaɗe tana ƙarasa masa inda ya manta.

Sannan ya kafa doka. Ranar Alhamis kowa da kowa, maza da mata, a tafi zaure tun da wuri a kama kujeru, don idan ya shigo daga baya tafi ya girgiza rufi. Ya yi hayar motocin da za su kwashi jama'a. Malam Mika'ilu ya tambaya a hankali, to wa za a bar wa lungu? Aka duba, ashe ranar a ƙofar Alhaji butar za ta wayi gari. Ta yi tafiyarta da ta saba, zuwa ƙofar Iyatu. Iyatu ta ce ita dama gwiwarta ba ta son hawa mota. Aka bar ta da Sufyanu da Khamisu, wasu ƙarti biyu magina da ba su daɗe da sauka daga Tasawa ba. Ba su san kowa ba sai ita da ke ba su tuwo, ba su kuma da sha'awar shiga ɗakin da masu kaki suka yi yawa.

Saura kaya. Rigar walƙiya ta yi masa kaɗan a irin wannan rana. Ya lura manyan Abzinawan Ahaggar in za su taro, turkuɗi suke naɗawa, su ja amawali har ƙarƙashin ido, su rataya takobi, ana ganinsu ana matsawa. Don haka da sassafe ya tafi gidan Yunus, wani Ba'abzine a bayan kasuwa mai kai 'yan yawon buɗe ido Assekrem, ya ari kaya sama da ƙasa, har da raƙumin da zai shiga harabar taro a kai. Ya tuɓe tsohuwar rigarsa ya jefa a mota, ya ce direba ya wuce da Jannatu. Yunus ya daɗe yana zagaya kan Alhaji da naɗi, har aka gama ba abin da ake gani sai idanu biyu da tumbi. Sannan ya tafi bakin ƙorama ɗaura wa raƙumi sirdi, ya ce Alhaji ya same shi can.

Alhaji ya dubi madubi, ya ji tsoron kansa, ya ji daɗi. Ya kai hannu wuya, ya ji wayam. Usur! Ya baro shi a shago. Kumandan babu usur ai zakara ne babu cara. Mota ta tafi, sai ya saɓa takobi ya kama hanya a ƙafa, abin da ya yi shekaru bai yi ba. Ranar Tam ba ta duba sarauta. Kafin ya kai lungu gumi ya jiƙa rawani, turkuɗin kuwa sabo ne, shuninsa ya saki ya bi gumin duk inda ya bi.

Iyatu da maginan suna zaune kan tabarma a inuwar katanga, daura da shagon. Ya wuce su ba sallama, don dama ba al'adarsa ba ce ya fara gaida na ƙasa. Ya tsaya bakin ƙofa ya laluba aljihu. Babu makulli, babu waya. Suna cikin tsohuwar riga, sun riga shi zuwa taro. Ya duba dama, ya duba hagu. Akwai wani sirri tsakaninsa da hajarsa wanda ko Jannatu bai gaya wa ba. Ya sunkuya ya ɗauki ɗan dutse, ya ƙwanƙwasa wa kwaɗon a gefe, sau ɗaya. Kwaɗo ya buɗe.

Bai kai ga tura ƙofa ba ya ga inuwa ta rufe shi dama da hagu.

"Salamu alaikum, baƙo," in ji Sufyanu cikin ladabi. "Bismilla, ga tabarma can."

"Atansiyo! Hattara! Kun san ko ni wane ne?"

"Shi za mu sani yanzu in Allah ya so, Baba."

Ba su ja shi ba, ba su tura shi ba. Hannu kawai kowannensu ya sa a gwiwar hannunsa, irin hannun da ya saba ɗaga buhun siminti, sai Kumandan ya ga tabarma tana matsowa. Khamisu ya karɓi takobin ya jingine can nesa, wai kada ya dame shi wajen zama.

"Marhaba da baƙo," in ji Iyatu, tana tona gawayi. "Zamna, bawan Allah. An sha rana."

"Iyatu! Ni ne! Alhaji Sharifu, maƙwabcinki!" Ya fizge amawali ƙasa don a ga fuskar da gari ya sani.

Khamisu ya ja da baya yana a'uziyya. Daga goshi har haɓa fuskar ta rine shuɗi shar, har cikin kunnuwa, gemu na ɗiga. Iyatu ta ƙanƙance ido, ta matso da kai, ta daɗe tana dubawa.

"Idona ya yi rauni, amma ban kai ga rasa gane launi ba. Alhaji Sharifu wankan tarwaɗa ne. Kai ko kamar yanzu aka tsamo ka daga marina. Kuma Alhaji na can wurin taro. Ya yi shela, duk gari ya ji. Babban mutum kamarsa ba ya faɗin magana shi saɓa."

"Usur na dawo ɗauka!"

"A ƙasa? Cikin ranar ga? Ɗiyana, kun ji. Tunda nike lungun ga ban taɓa ganin Alhaji ya taka ƙasa da hantsi ba." Ta zuba ganyen shayi a buta. "Sannan ga maganar kwaɗo. Ranar da na sayi nawa wurinsa, ya rantse mini ko guduma ba ta buɗe shi. Kai ko da tsakuwa, bugu guda. To ɗayan biyu ne: ko kai gawurtaccen ɓarawo ne, ko Alhaji maƙaryaci ne. Ni ko ba a zagin maƙwabcina gabana."

Alhaji ya tsinci kansa a tsaka mai wuya. Ya tuna rabin ƙofofin unguwar da hajarsa ake rufe su. In ya bayyana sirrin kwaɗo, kasuwa ta mutu; in ya yi shiru, shi ne ɓarawon. Gaba kura, baya siyaki. Sai ya yunƙura zai tashi.

"Ana jirana! Manyan gari na jirana!"

"In sauri kake, sai mu kira jandarma su tantance," in ji Iyatu. "Su ba su da shayi, amma suna da mota. Mai takobi, mai fasa shago, nan da nan za su zo."

Maginan suka kalli juna, don su ma ba son kiran suke yi ba. Alhaji bai lura ba. Shi ya riga ya hango kansa a bayan motar jandarma, fuska shuɗiya, ana wucewa da shi ta gaban zauren taro. Ya koma ya zauna. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Duk wanda ya taɓa jiran shayin Tam ya san ba don mai sauri aka yi shi ba, na Iyatu kuwa ranar ya fi na kullum natsuwa. Ta wanke ganye ta zubar. Ta jira ya tafasa. Ta fasa sukari. Ta ɗaga buta sama ta tsiyaya a finjali, ta mayar, ta sake tsiyayawa, ta duba kumfa ta ce bai yi ba, ta mayar. Alhaji na kallon inuwar katanga tana janyewa, ransa na ƙuna. Da zubin fari ya iso, mai ɗacin nan, ya kurɓe shi da zafinsa har ya ƙona harshe. Iyatu ta ce a sha a hankali, ba a kora shayi kamar magani.

Aka shiga tambaya. Daga ina? Damagaram. Ɗan wane gida? Ya jero ubansa da kakansa da kakan kakansa, ya faɗi sunan direban da ya kawo shi Tam, har ya faɗi, murya ƙasa-ƙasa, cewa da ƙullin koli ya zo.

"Kai!" in ji Iyatu, tana girgiza kai. "Ɓarayin zamani akwai bincike."

A zubi na biyu dabara ta zo masa. Jawabi! Wa ke da jawabin in ba shi ba? Ya gyara zama, ya ɗaga hannu, ya saki murya.

"Ya ku manyan baƙi! Lokacin da na iso wannan gari, tsoro ke mulki. Na dubi gabas, na dubi yamma, na ce, Sharifu, in ba kai ba, wa? Na hana idona barci don idonku ya rufe. Na hana ƙafata hutu..."

Ya yi shi tun daga fari har ƙarshe, da wurin da zai dakata a yi tafi, da wurin da zai share hawaye. Manyan baƙin da suka saurara su ne tsohuwa ɗaya, magina biyu, da wata akuya da ke cin kwali a gindin katanga. Sufyanu, da yake yana da tarbiyya, ya ce madalla.

"Muryar ta ɗan yi kama," in ji Iyatu. "Amma shi Alhaji ya hi ka tsawaitawa."

Gawayi ya mutu, sai da aka sake hurawa. Can ladan ya kira azahar, Alhaji ya san an gama. A nan kam mai taurin zuciya ma sai ya tausaya masa. Ga shi zaune, rawani ya karkace, finjalin zubi na uku a hannu, mai zaƙin nan, yana kallon ƙasa bai sha ba.

Sai ga motoci sun karyo kwana, mata na guɗa. Jama'a suka zubo, Malam Mika'ilu a gaba rungume da gilashi, kowa na ba kowa labarin abin da duk suka gani tare. Wai an kira Lungun Damagarawa, aka jira Kumandan, aka waiwaya ƙofa, shiru. Sai babban jami'in baladiyya ya ce ai dama yabon ba na mutum ɗaya ba ne, duk ɗan lungun ya hau dandamali. Lungu duka ya hau, har katako na ƙara. Aka ɗauki hoto, Jannatu a tsakiya, ita ke riƙe da gefen gilashin. Hoton ma tuni ya kai Damagaram, har ƙanwarta ta bugo tana tambaya ina Alhaji ya tsaya.

Suka yi turus da suka ga baƙo shuɗi kan tabarma.

"Yawwa, Jannatu, zo," in ji Iyatu. "Wannan bawan Allah ya ce shi mijinki ne. Kin san shi?"

Jannatu ta duba sama, ta duba ƙasa, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ƙyar ta ce, "Takalman dai nasa ne, Inna."

"To ƙarasa shayinka ka shiga, an tsaya maka."

Dariyar da aka yi, wasu sai da suka zauna a ƙasa. Liman ya juya baya yana tari. Amma wanda ya zaci Alhaji Sharifu zai faɗi a nan bai san maza ba. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya miƙe, ya gyara rawani, ya ɗaga hannu.

"Silans! Jama'a, gwaji ne! Ni na shirya shi da kaina, a asirce. Na ce, yau da gari ya tafi biki, bari in ga ko dakaruna na barci. Na ɓad da kama, na sadaukar da kujerata, na bar muku hoto. Wane shugaba ne zai yi haka? Ina farin cikin sanar da ku cewa kun ci jarrabawa. Barabo!"

Aka yi masa tafi, tafi sosai, har da masu share hawaye. Ya karɓa da hannu biyu, ya soma jin kamar ma haka aka yi. Ya juya zai shiga shago da sauran girmansa, sai ya ji Malam Mika'ilu a bayansa yana tambaya a hankali:

"Iyatu, tsakaninki da Allah, ba ki gane shi ba?"

Iyatu na ɗauraye finjalai. Ita ba ta iya magana a hankali ba, kurumta ta soma taɓa ta.

"Haba Malam! Tun da ya doso na gane tumbin. Yau hwa layinsa ne, na ce bari dai shi zamna da kansa ko sau ɗaya. Kuma in gaya maka gaskiya, ya iya gadi. Yini guda ɓarawo ko ɗaya bai shigo lungun ga ba, in ban da wanda ya fasa shagon Alhaji."